Mariƙiya da Mahaifiya

Wata yarinya ce 'yar shekara 19 a cikin birnin Kano, tana aji biyu a kwalejin ilimi, ciki ya bayyana gare ta ba aure. Wanda ya yi cikin yana jin labari ya kashe waya, aka ce ya yi Legas. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, don haka Inna ce ta ɗauki zafin abin ita kaɗai. Ta tura ta wani ƙauye a ƙasar Gaya wajen Goggo, yayar marigayin, aka ce wa maƙwabta ta je jinyar tsohuwa.

A can ta sauka, namiji. Goggo ba ta rage mata komai na jego ba. Tun asuba take hura wuta, ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta yi ta fyaɗa mata, sannan ta dama kunun kanwa ta tsare ta sai ta shanye. Ba ta taɓa zaginta ba, ba ta kuma taɓa ce mata ta kyauta ba.

Kwana biyar da haihuwa Inna ta iso da wata Hajiya, 'yar'uwarsu ta nesa daga Zariya, wadda ta shekara 14 a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Hajiya na son jaririn, amma da sharaɗi: za ta ce ita ta haife shi, a jingina shi ga mijinta, uwar kuma kada ta ƙara taka ƙofar gidanta.

"Ke dai ki sa a ranki ya koma," in ji Inna. "Ta haka asirinmu zai rufu."

Mai jego ta daɗe kanta a sunkuye. "Inna, na san ba zan iya riƙe shi ba. Ba ni da ko sisi, karatu ma ban gama ba. Amma ya tashi bai san ni ba, wannan kam ba zan iya ba."

Goggo ta aika yaro ya kira Liman.

Liman bai yi dogon wa'azi ba. Ya tuna musu Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a hannun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana kiransa ɗan Muhammadu, sai da aya ta sauka a Suratul Ahzabi ta hana, aka mayar masa da sunan ubansa, ƙaunar kuwa ba ta ragu ba. Ya ce riƙo lada ne, canja wa yaro asali ne haramun. Ɗan da aka samu ba aure ga uwarsa ake jingina shi, ita zai gada. Mariƙi in ya so ya yi masa kyauta yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Hajiya ta share hawaye. "Allah gafarta Malam, tsorona ɗaya ne. In sha kashinsa da fitsarinsa, ya zama mutum, rana ɗaya ta zo ta ce a ba ta ɗanta."

Tsoron nan ba na raini ba ne, kuma Liman bai raina shi ba. Sai dai ya tambaye ta a hannun wa ta tashi. Ta ce kakarta, tun daga yaye. Wa ta fi shaƙuwa da ita? Ta yi shiru. Ai riƙo ba baƙon Bahaushe ba ne. Sau nawa ake miƙa ɗan fari ga kaka ko goggo, gari duka ya san wadda ta haife shi, ba kuma wanda ya ce sai an yi masa ƙarya kafin ya so mariƙiyarsa.

Aka tsaya a kan uwar ta shayar da shi har arba'in. Daga nan ƙanwar Hajiya, da ke goyo a lokacin, ta ba shi nono, don Hajiya ta zama innarsa ta shayarwa, ba sai ta yi masa lulluɓi in ya balaga ba. Uwar za ta riƙa zuwa kowace Sallah. Mai tambaya a ce masa ɗan 'yar'uwa ne ake riƙo, magana ta ƙare, kuma gaskiya ce.

Abin bai zo da sauƙi ba. Shekarun farko uwar kuka take yi tun daga tashar Zariya har Kano. Hajiya ma kishi ya sha cin ranta, har ta taɓa sa a ce ba ta gida, daga baya ta buga waya ta ba da haƙuri.

Yaron na ɗan shekara 12 wani ya yi masa gori a filin ƙwallo, wai ba Hajiya ta haife shi ba. Ya ce, "Na sani mana. Wadda ta haife ni malamar makaranta ce a Kano, ran Sallah tana nan tafe. Buga mu gani."

Tambaya mai nauyi ta zo ne yana shekara 15: ina ubansa? Hajiya ta kira uwar, suka zaunar da shi su biyu suka faɗa masa. Ya yi mako guda ba ya yi wa kowa magana. Ranar Juma'a ya ce Hajiya ta ba shi kuɗin mota, zai je Kano ya yi sauran tambayoyinsa, ya dawo Lahadi saboda makaranta.