Ɗakin Yara da Madafa a Ma'aunin Shari'a

Ɗakin kwanan yara da ɗakin girki su ne wuraren da baƙo bai cika leƙawa ba a gida, su ne kuma aka fi bari a baya idan maigida ya tashi kashe kuɗi. Falo ya sha tayil da labule da kujeru na gani na faɗa, yara biyar kuwa suna cunkushe a katifa ɗaya, uwargida tana shan hayaƙi a lungu. Akwai kuma masu ganin duk wani gyara da za a yi wa waɗannan wurare almubazzaranci ne da kwaikwayon Turawa. Abin tambaya shi ne inda haƙƙin iyali ya tsaya, inda ado ya fara, da inda adon yake komawa ɓarna.

Malaman usulu, musamman Imam Shaɗibi na Andalus wanda ya rasu a 1388, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku: larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, sai kyautatawa, wadda ke ƙara wa rayuwa armashi. Ƙa'idar ita ce ba a fifita kyautatawa a kan buƙata, balle a kan larura. Da wannan ma'auni, yawancin abin da ake zubawa a falo kyautatawa ne, abin da ɗakin yara da madafa suke nema kuwa yakan faɗa aji na farko ko na biyu.

Game da yara, hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya haɗa umarnin fara salla a shekara bakwai da raba musu shimfiɗa idan sun kai goma. Aya ta 58 a Suratun Nur kuma ta koyar da cewa yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin shiga wurin iyaye a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan isha'i. Umarnin tarbiyya ne, amma ba ya tabbata sai ginin ya ba da dama, domin babu neman izini inda babu ƙofa ko labule. Tsohon tsarin gidan Bahaushe ya warware wannan tun da daɗewa: samari su koma zaure ko shagon ƙofar gida, 'yan mata su kwana ɗakin uwa ko na kaka. Mai zaman haya a ciki da falo ba shi da wannan sararin. Sauƙin da ya samu shi ne nassin ya ambaci shimfiɗa, bai ce ɗaki ba, har wasu malamai suka ce idan wuri ya yi ƙunci kowane yaro ya samu mayafinsa. Saboda haka gado mai hawa biyu da kafinta zai haɗa, ko kabet ɗin kaya da aka gitta tsakiyar ɗaki ya raba maza da mata, ya fi cancantar kuɗin maigida fiye da sabon silin na falo.

Adalci ma ya shigo ciki. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓance shi da ita ban da sauran 'ya'yansa. A gidan da ke da 'yan uba, ƙawata ɗakin 'ya'yan amarya a bar na uwargida da tabarma yana shuka gabar da kan kai har ranar rabon gado.

Batun hotuna ne ya fi jawo saɓani, tunda kayan ɗakin yara na kasuwa cike suke da zanen dabbobi da 'yan tsana. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ya nuna ƙin wani labule mai hotuna a ɗakin Nana A'isha, sai ta yanka shi ta yi matasan kai. An kuma ruwaito cewa tana wasa da 'yan tsana, har da wani doki mai fukafukai, bai hana ta ba. Malikiyya sun haɗa ruwayoyin da cewa abin da ya haramta shi ne cikakkiyar surar mai rai wadda take da jiki da inuwa. Zane a bango ko a ƙyalle bai kai haramun ba, barinsa dai ya fi, kuma an yi rangwame a kan 'yan tsanan wasan yara mata. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka. Zanen itatuwa da taurari da haruffa kuwa mafi yawan malamai ba su ga laifinsa ba.

Madafa tana ƙarƙashin wajibin mazauni da ciyarwa, wanda Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji gwargwadon ƙarfinsa. A nan maganar ta wuce ado ta koma ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da itace da gawayi da makamantansu yana kashe mutane kimanin miliyan 3 kowace shekara, kuma mata da goyonsu ne suka fi shaƙarsa. Fasa taga a saman murhu, ɗaga kantar girki ta yadda mai girki ba za ta wuni a duƙe ba, jawo famfo, fitar da tukunyar gas waje inda iska ke kaɗawa, duk kawar da cuta ne, kuma kawar da cuta ginshiƙi ne a fiƙihu. Hadisin Jabir da ya yi umarni da rufe ƙorai da kashe fitila kafin barci yana kan wannan hanya, kuma kabet mai murfi da ke tsare abinci daga ɓera da kyankyaso yana cika manufarsa.

Ado bayan wannan halal ne. Suratul A'araf ta yi inkari ga masu haramta ƙawar da Allah ya fitar wa bayinsa, a ayar da ke bin wadda ta hana wuce iyaka. Malamai sun bambanta israfi, wato zarce kima a abin da ya halatta, da tabziri, wato zuba dukiya inda ba ta dace ba, kuma kimar tana bin aljihun mai gida: daidai ruwa daidai tsaki. Farfasa tayil mai lafiya don yayinsa ya wuce, ko cin bashi mai ruwa don kicin ya yi kama da na maƙwabciya, sun shiga ɓarna ko da kayan halal ne. Abin da nassi ya hana kai tsaye a kayan kicin shi ne ci da sha a ƙoran zinariya da azurfa, ga mai kuɗi da talaka, namiji da mace.