Kututture Da Halin Mutum

Ina da tambaya gare ka. Ka taɓa yi wa kanka alkawari za ka bar wani hali, sa'an nan bayan kwana biyu ka ga kanka a ciki tsundum? Ni na taɓa, ba sau ɗaya ba. Wani caca ce ta kama shi, wani giya, wani zafin rai, wata kuwa tsegumi a bakin rijiya. Mutanen dā suka ce hali zanen dutse. In haka maganar ta tsaya, mun shiga uku. Amma a nan Sabon Gari na Maradi na ga mutanen da suka sake, har matansu suka shaida. Matar gida kuwa ba ta ba da irin wannan shaida a banza. To, me ya sake su?

Da yawa za su ce tsoro ne. Gaskiya ne, tsoro yana da ƙarfi. Mutum ya kwanta ciwo, likita ya ce masa in ya sake shan giya zai mutu. Sai ya rantse ya bari. Wata uku ba ya ko bi ta hanyar. Ran da ya ji ƙarfi a jikinsa, sai ƙafa ta tuna da hanya. Tsoro kamar mai gadi ne: muddin idonsa biyu, ɓarawo ba ya shiga. Amma mai gadi yakan yi barci.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a ƙasarmu, gama a gona na fi gane wannan magana.

A 1981 wani mutumin ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya zo Maradi aiki tare da mishan ta SIM. Aikinsa dashen itatuwa ne. A lokacin gonaki sun zama fili fetal. Iska tana kwashe ƙasa, rairayi yana binne shuka, manomi ya yi shuka sau biyu ko uku kafin ta kama. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta, in babu su dafa tuwo da kara. Baturen ya yi ta dashe, dashen yana ta mutuwa. Rana ta ƙone wasu, awaki suka cinye wasu. Har ya kusa fid da zuciya.

Wata rana a 1983 yana tafe da mota cike da dashe, ya tsaya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Ya dubi ƙasa ta bushe ko'ina, ya yi addu'a ga Allah. Sai idonsa ya kai ga wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Ya matsa kusa, ya dubi ganyen. Ashe ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tun tuni, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Irinsa kuwa ba iyaka a gonakinmu: kalgo, sabara, gawo, magarya. Daji bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka sami abin da muke kira sassaben zamani.

Yanzu ka kasa kunne, nan ne maganarmu take. Da farko manoma kaɗan ƙwarai suka yarda su gwada, maƙwabta suna yi musu dariya, gama a ganin mutane manomin kirki shi ne mai gona a share tas. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda ake kira El Buhari. Aka kawo taimakon abinci, aka ce wanda zai karɓa sai ya bar itatuwa a gonarsa, ya kula da su. Kowa ya yarda. Wa zai ƙi, ga yara suna kuka? Itatuwa suka tashi a ƙauyuka da yawa. Da yunwa ta wuce, rabon abinci ya ƙare, sai mafi yawan manoma suka ɗauki gatari suka sare su.

Kada ka yi saurin zaginsu. Ni da kai haka muke. Don hatsi suka bar itatuwan, da hatsi ya ƙare sai dalili ya ƙare. A cikin Bisharar Yohanna, sura 6, akwai irin wannan. Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, washegari taro ya bi shi har hayin teku. Ya gaya musu a fili cewa ƙoshin da suka yi ne ya kawo su. Da ya fara koya musu magana mai wuya, da yawa suka juya suka tafi. Mai zuwa sujada don magani ko don buhun gero, ran da ba a ba shi ba, ranar ce zai yi sallama.

Amma akwai sauran manoma da ba su sare ba. Su sun ga wani abu da idonsu. Sun ga iska ba ta binne shukarsu. Sun ga ganye ya zuba ya zama taki, dabbobi sun zo shan inuwa sun bar kashi. Sun ga gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa gero rana. Matansu sun sami itacen wuta a bakin gona. Waɗannan ba wanda ya ƙara biyansu, su da kansu suka ci gaba, maƙwabci yana koya wa maƙwabci. Bayan wajen shekara 20 masu bincike suka auna, suka ce abin ya kai hekta miliyan 5 a Nijar, itatuwa kusan miliyan 200.

Akwai kuma wani abu. A dā doka ta ce itatuwa na gwamnati ne, wanda ya sare a ci shi tara. Tsoron tara bai tsare daji ba, sai dai a sare da dare. Da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, shi da ƴaƴansa za su mora, sai ya zama shi ne mai gadinsa. Abin da doka ta kāsa, ƙauna ta yi. Mutum yakan tsare abin da yake so.

Haka mu Kirista muka gane maganar sake hali. Ka tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, a Luka sura 19. Duk gari sun san macuci ne. Shekara da shekaru ana zaginsa, zagin bai rage masa ko dala ba. Yesu bai zage shi ba, bai tsorata shi ba. Ya kira shi da sunansa, ya sauka a gidansa, a gaban mutane suna gunaguni. A ran nan Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Ka lura da yadda abin ya bi: an karɓe shi tukuna, sa'an nan ya sake. Mu mukan juya shi. Mukan ce wa mutum, ka gyara halinka, sa'an nan mu karɓe ka. Allah bai jira mu gyaru ba kafin ya aiko da Ɗansa.

Wataƙila za ka ce mini, to, tsoro da lada ba su da amfani ke nan? Ban ce haka ba. Da ba don abincin 1984 ba, da manoma da yawa ba su ko gwada ba, balle su ga amfanin. Ciwo yakan kai mutum wurin addu'a, kunya takan hana shi wani abu. Waɗannan suna iya kawo ka bakin ƙofa, amma ba su ne za su zaunar da kai a gidan ba. Akwai kuma tambaya mai wuya: in Allah yana ƙaunata a yadda nake, don me zan wahalar da kaina? Na yi ta juya wannan a zuciyata. Abin da na gani shi ne, yaron da ya san ubansa yana sonsa ya fi jin nauyin ɓata masa rai. Wanda ya ce an gafarta masa, sa'an nan ya koma cutar mutane da murna, ina shakka ko ya gane abin da aka yi masa.

Sai dai misalin kututture yana da iyaka, dole in faɗa maka. Ba kowane abin da ya tsiro daga zuciyarmu ba ne na kirki. Saiwar da ke ba da sabon rai ba tamu ba ce. A Yohanna sura 15 Yesu ya kamanta kansa da itacen inabi, mu rassa, Uba kuwa manomi mai yin aski ga reshe don ya ƙara ƴaƴa. Reshe ba ya yin ƴaƴa don an daka masa tsawa, sai don yana manne da itace.

Askin kuwa ka san yadda ake yinsa. Kututture ɗaya yakan fid da tsiro ashirin ko fiye, duk suna ƙwace wa juna abinci, ba mai tsawo. Manomi ya zaɓi masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke saura da wuƙa mai kaifi. Bayan ƴan watanni ya dawo, gama sababbi sun fito. Haka addu'a take, da karatun Littafi Mai Tsarki da ka koya yanzu, da neman gafara wurin wanda ka ɓata wa. Ba aikin rana ɗaya ba ne. Kuma mutum ɗaya ba ya iya tsare itace in duk ƙauye suna sara. Shi ya sa kake bukatar ƴan'uwa a ikkilisiya, masu iya gaya maka gaskiya ba tare da sun tona maka asiri a kasuwa ba.

In hanya ta kai ka Tsibiri ko Jiratawa da rani, ka tsaya a bakin wata gona mai itatuwa. Ka gai da mai gonar, ka tambaye shi wa yake biyansa yana kula da su. Ka ji abin da zai ce maka.