Kunne da Ido: Wa Ya Fi Riƙe Amanar Kalma?

Duk mai koyon Ingilishi ya san wahalar kalmomin da baki ke haɗawa alƙalami ya raba, irin su knight da night, meet da meat, ko write da right. Tambayar da suke tayarwa ta wuce nahawu: shin rubutu bawan furuci ne, ko yana da aikinsa na daban? Tarihi ya ba da rabin amsa. A zamanin mawaƙi Chaucer, ƙarni na 14, Turawan Ingila suna furta k ɗin knight, kuma wasalin meet ya sha bamban da na meat. Bayan William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, rubutu ya fara tsayuwa wuri guda, harshe kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Ashe bambancin da ido ke gani yau kunne ma ya taɓa jin sa. Rubutu ya adana abin da baki ya zubar.

Masu suka suna cewa wannan nauyi ne aka ɗora wa yara a banza, kuma marubuci George Bernard Shaw har wasiyyar dukiya ya bari don a ƙirƙiro sababbin haruffa. Nauyin gaskiya ne, amma in rubutu zai bi furuci, furucin wa za a bi? Mutumin Landan yana furta court da caught iri ɗaya, na Sikotilan yana raba su. Rubutun da ya bi bakin ɗaya ya zalunci ɗayan.

Wasu kuma suna cewa tunda mahallin magana yana warware ruɗani a baki, zai warware shi a takarda. Amma mai magana yana gabanka, kana iya cewa ya maimaita, marubuci kuwa ba ya nan. Tun tuni masanin falsafa Aflatun ya koka cewa rubutu ba ya amsa tambaya. Mu Hausawa shaida ne, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, sai mai karatu ya dakata kafin ya gane garin zama ake nufi ko garin tuwo. Duk alamar da ta rage wannan shakku rahama ce ga mai karatu. Saboda haka ɗalibi ya koyi kowace kalma da ma'anarta da harufanta tare, kada ya bar wa kunne hukunci shi kaɗai.