Ɓoye Wa Mai Ciwon Daji Sunan Ciwonsa: Jinƙai Ne Ko Tauye Haƙƙi?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan uwa, akwai wata al'ada da muka saba da ita har ba mu tsayawa mu auna ta. Idan sakamakon awo ya fito, aka tabbatar ciwon daji ne, wanda ake kira kansa ko sankara, sau da yawa ba mai ciwon ake fara gaya wa ba. Likita kan ja miji ko babban ɗa gefe ya yi masa bayani, shi kuma ya koma ɗaki da fara'ar dole ya ce: "Inna, sun ce ɗan ƙari ne, za a cire shi." Daga nan gida duka ya shiga wata yarjejeniya da ba a zauna an ƙulla ta ba. Kowa ya sani, har maƙwabta da masu zuwa dubiya, sai mai jikin kaɗai.

Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Sarki Joj na shida na Ingila an cire masa huhun hagu a 1951, ya rasu a farkon 1952, ba a gaya masa kansa ce ba. A Amurka, wani bincike na 1961 ya nuna kusan likitoci 9 cikin 10 sun fi son ɓoye wa majinyaci. Da aka sake yin tambayar a wani bincike da aka wallafa a 1979, 97 cikin 100 suka ce sun fi son su faɗa. Na kawo wannan ne don a ga cewa ɓoyewar al'ada ce, kuma al'ada tana canzawa.

Niyyar masu ɓoyewa kyakkyawa ce, wannan ba na musu. Suna tsoron kada sunan ciwon ya karya zuciyar mara lafiya tun kafin ciwon ya karya jikinsa, kuma an koya mana cewa mai dubiya ya shiga da magana mai sanyaya rai. Amma kyawun niyya ba ya rufe tambayar wa ke biyan kuɗin wannan shiru.

Mu fara da jiki. Maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda muke kira shimiyo, galibi zagaye-zagaye ake yin sa, sau da yawa bayan kowane mako uku, tsawon watanni. Yana kawo tashin zuciya da kasala, yana canza ɗanɗanon baki, wasu nau'o'insa suna zubar da gashi. Wadda aka ce mata ɗan ƙari ne, me za ta fahimta ranar da ta ga gashinta a kan matashi? Za ta ce maganin asibiti bai karɓe ta ba, ko ta yi zaton sammu ne, ta ƙi komawa zagaye na uku. Kuma tana da hujja, don babu mai hankalin da zai jure irin wannan wahala saboda ƙaramin ƙari. Ga kuma tafiya. Sai a 2021 ƙasarmu ta samu wurin gashi da haske na gwamnati na farko, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai. Daga Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma gashin kusan kullum ake yin sa na tsawon makonni, sai an nemi masauki, an sayar da bisashe, an bar gona. Mutum ba ya ɗaukar wannan nauyi da zuciya ɗaya sai ya san abin da yake yaƙa. Ciwon daji na mama, idan aka kama shi da wuri, da yawa suna warkewa. Wadda ta warke ɗin ma tana buƙatar ta riƙa komawa awo, wasu kuma ƙwaya suke sha kullum har shekara 5 ko fiye. Ta yaya za ta kiyaye wannan alhali ba ta san daga me Allah Ya tsamo ta ba?

Sai abin da ya fi shafar mu, mu ƴan ɗariƙa. Kullum a zawiya muna jin cewa muridi ya zauna cikin shiri, ya sabunta tuba, ya mayar da haƙƙoƙin mutane. Imam Gazali da babin tuna mutuwa ya rufe Ihya'u. To mene ne hujjarmu idan Allah Ya aiko wa bawansa tunatarwa mafi ƙarfi a rayuwarsa, mu kuma muka tare ta a bakin ƙofa? Lokacin da aka soki Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, an ba shi madara ya sha, ta fito ta wurin raunin, aka gane ba zai tashi ba, kuma ba a rufe masa ba. Da wannan sanin ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu, ya tsara shawarar mutum shida kan halifanci. Da an yi ta ce masa sauƙi na nan tafe, da wanne daga cikin waɗannan zai yi?

Fiƙihunmu na Malikiyya ma ya gina hukunce-hukunce a kan cutar da ake tsoron mutuwa a cikinta: kyautar mai irin wannan ciwo ana ɗaure ta da sulusin dukiyarsa, kuma ba a ɗaura masa aure a wannan hali. Mutum na iya samun bashin da shi kaɗai ya san da shi, ko ajiyar wani a hannunsa, ko ɗan uwan da suka shekara goma ba su gaisawa. Lokacin da ya rage masa nasa ne. Idan ƴaƴansa suka ɓoye, sun zaɓar masa yadda zai kashe wannan lokaci ba tare da ya wakilta su ba. Kuma Gazali ɗin nan, da ya zo kan wuraren da aka yi rangwamen faɗin abin da ba shi ne ba, kamar yaƙi da sulhu tsakanin mutane, ya ja kunne cewa rai yana saurin kiran son ransa da sunan maslaha. Mu tambayi kanmu da gaske: shirun nan don shi ne, ko don mu ne ba mu iya kallon idonsa mu faɗa?

Akwai kuma kaɗaici, wanda ba a cika magana a kansa ba. Mara lafiya ba yaro ba ne. Yana ganin ramarsa, yana jin yadda hira ke yankewa idan ya buɗe ido, yana ganin waɗanda ke kwance kusa da shi a asibiti. Da yawa sun gane tun tuni, sai su ma su shiga ɓoyewa don kada su tayar wa iyali da hankali. Uwa tana rufe wa ƴarta, ƴa tana rufe wa uwarta, kowa na kuka a bayan ɗaki. Ta rasa wanda za ta ce wa tana jin tsoro, ta rasa wanda za ta bar wa amanar ƙaramin ɗanta, ba ta ma iya roƙon a yi mata addu'a da sunan abin da ke damunta.

Za a ce: ai akwai wanda in ya ji zai yanke ƙauna. Akwai. Shi ya sa ba na cewa a jefa wa kowa magana kamar dutse. Haƙƙin sani na mai ciwo ne, kuma mai haƙƙi yana iya yafe shi. Hanyar ganewa ita ce a tambaye shi: "Baba, sakamako ya fito. Kana so likita ya yi maka bayani dalla-dalla, ko ka fi so mu mu ji mu tsaya a kai?" Idan ya ce ku ji kawai, ya wakilta ku, kuma ƙofa ta zauna a buɗe ko gobe ya sake shawara. Idan ya ce yana so, a zaɓi lokacin da yake da ƙarfi, a zaunar da wanda ya fi natsuwa da shi, ko muƙaddaminsa in yana so, a faɗa kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ya tambaya, a haɗa sunan ciwon da abin da za a yi a kai.

Nan kuma sai a kiyaye wani kuskure na daban. Faɗin sunan ciwo dabam, yanke wa mutum kwanaki dabam. Abin da likita ke da shi lissafi ne na jama'a masu yawa da suka yi irin wannan ciwo, ajalin mutum ɗaya kuwa yana wurin Allah. Ana iya cewa "ciwon daji ne, ya yi nisa, ga abin da magani zai iya" ba tare da an ce "saura wata uku" ba. Fata da tsoro tare malamanmu suka ce a riƙe su, kuma sun ce idan ciwo ya yi tsanani a rinjayar da fata da kyautata zato ga Allah. Wannan fatan ba ya rushewa don an ji sunan ciwo, tunda ba a kan sakamakon awo aka gina shi ba.

Abu ɗaya ya rage ga mu masu zuwa dubiya bayan wazifa. Idan ɗan uwa ya san ciwonsa ya ce mana yana jin tsoro, kada mu yi saurin toshe masa baki da "yi haƙuri, kada ka faɗi haka". Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, kuma Allah Ya yabe shi da haƙuri. Mu zauna mu saurara, mu tambaye shi ko akwai saƙon da yake so a kai, ko bashin da yake so a biya, ko wanda zai raka shi Yamai zagaye mai zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, albarkar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam.