Gidanku Cike Yake Da Yara, Wa Ke Karantar Da Su?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, kai da ba ka fashin wa'azi, ga Ahalari da Iziyya da Arba'una Hadisi jere a ɗakinka: yara nawa ne a gidanku? Ƙirga ƙannenka, da 'ya'yan yayyenka, da naka in ka yi aure. Wani gidan goma ne, wani ya fi haka. To a cikinsu mutum nawa ne ya koyi alwala a hannunka?

Imamu Buhari ya ruwaito labarin Maliku ɗan Huwairisu. Shi da waɗansu samari tsararrakinsa suka zo Madina, suka kwana 20 wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Da ya ga kewar gida ta kama su, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sa'an nan ya umurce su su koma cikin iyalansu su zauna, su karantar da su. Ka lura, samari ne kamarka, kuma karatun kwana 20 ne kaɗai a hannunsu. Kai shekara nawa ka yi kana ɗaukar karatu?

Na san abin da za ka ce. "Malam, ai gidanmu ba ya karantuwa, hayaniya ta yi yawa." Gaskiya ne. Tun da sassafe wannan yana kukan koko, wancan ya ɓatar da takalmi ƙafa ɗaya, biyu suna kokawa a kan ƙanzo, mahaifiyarku tana hura wuta da goyo a bayanta, ga wanki ya taru, ga randa ba ruwa. In kana jiran ranar da gidan zai yi tsit, wallahi sai sun yi gemu ba ka fara ba. Manzon Allah ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu 'yar Zainabu, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro, don tausayin uwarsa. Umaru ɗan Abu Salama kuwa a bakin akushi ya sami darasinsa: hannunsa yana yawo cikin abinci, aka ce ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ba allo, ba aji.

Saboda haka shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar asuba, ko tsakanin magariba da lisha, ko da na minti 20 ne, amma kullum. Ajiye wayarka a ɗaki. Ka biya wa manya, manya su biya wa ƙanana. Ɗan shekara 10 ya riƙe ɗan shekara 5 a Fatiha, don yawan nan da kake kuka da shi shi ne mataimakinka. Wanda ya tashi ya yi tsalle ya dawo, ƙyale shi, yana ji. In ka aiki yaro kanti, sa shi ya lissafa canji kafin ya tafi. Duba littattafansu na boko da na Islamiyya, domin malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai san kowane yaro kamar yadda ka san shi ba.

Amma ka ajiye bulala. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a umurci yaro da salla yana ɗan shekara 7, horo sai ya kai 10. Ka lissafa, tsakanin nan akwai salla fiye da 5,000, duk na tunatarwa da lallashi. Akra'u ɗan Habisu ya ga Annabi ya sumbaci Hasan, ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi kuwa ya tsoratar da shi da rasa rahama. Mu a nan muna kiran wannan ɗabi'a kunya ko kwarjini. Ba sunna ba ce. Haka nan mai yawan 'ya'ya da ya miƙa wa ɗan shekara 6 kwano ya tura shi wani gari don a rage baki, ya tuna shi za a tambaya.

Kada kuma ka zaunar da maza kana biya musu, mata suna can wajen wanke-wanke. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. A gidansa Nana Asma'u ta tashi, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata. In wanke-wanken ne ya hana ƙanwarka zama, sa maza su taya ta a gama da wuri.

Yau in an kira magariba, cika buta, ka tara su a bakin rariya, kowa ya yi alwala kana kallo. Ka fi sa ido a kan diddige, nan suka fi bari a bushe.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.