Da Me A Ke Gane Auren Gaskiya?

A ƙasarmu ta arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta, gona haɗe ta ke da gona, gida kuwa yana hangen gida. Babu daji a tsakani inda mutum zai ɓoye al'amarinsa. In aka ji motsin jakinka da asuba, maƙwabta sun san birni za ka ɗauko taki. To, a wuri irin wannan ba a taɓa cewa mutum ya kawo shaidar matarsa matarsa ce ba. Wa zai tambaya? Limamin da ya ɗaura auren yana nan, sanƙiran da ya yi shela yana nan, tsofaffin da suka ci goro suna nan, matan da suka raka amarya da guɗa su ma suna nan. Gari duka shaida ne.

Amma zamani ya zo da abin da kakanninmu ba su sani ba. Samarinmu sun bazu cikin duniya, waɗansu wajen neman ilmi, waɗansu wajen neman abinci. In mutum ya sami wurin zama a Ingila, ko Amurka, ko wata ƙasa, ya so iyalinsa ta biyo shi, ba ta da ikon shiga sai da izni, watau hatimin nan da a ke bugawa a fasfo, wanda a ke kira biza. Sau da yawa kuwa ba a ba da shi sai ma'aikacin ofishin jakada, a Abuja ko a Ikko, ya gamsu auren nan na gaskiya ne, ba dabarar shiga ƙasarsu ba ce.

Mu ƙaddara wata yarinya ce daga ƙauyukan nan namu ta tsaya gaban irin wannan ma'aikaci, da tafinta a gefe. Ya ce mata, “Yaya sunan mijinki?” Sai ta sunkuyar da kai, ta yi shiru, da ƙyar ta ce, “Malam.” Ya ce, “Wace rana aka haife shi?” Ta ce, “Ranka ya daɗe, na dai ji Inna ta ce da kaka ne, ana cikin cirar gyaɗa.” Ya ce, “A ina kuka fara haɗuwa?” Wannan tambaya ta ɗaure mata kai, gama ɗan wan ubanta ne, a gida guda suka tashi, ba ta san wata rana da ba ta san shi ba. Ya ce ta kawo hoton ɗaurin aure. Ta miƙa. Ya duba, ya ga maza ne zalla zaune bisa tabarmi a ƙofar zaure, babu amarya, ango ma ba ya ciki, wakilinsa ne ya karɓa masa.

Bayanta kuwa ga wata ta zo, wadda aka biya wani kuɗi ya aure ta a takarda. Ita ta haddace kome kamar ɗan makarantar allo ranar sauka. Ta san ranar haihuwarsa, ta san abincin da ya fi so, ga hotuna cike da jaka sun riƙe hannun juna suna dariya. Ka gani, kunyar da ita ce adon matar aure a wurinmu ta zama abin tuhuma, rashin kunya kuwa ya zama shaida.

Mai karatu zai yi saurin cewa an zalunci ta farkon. Haka ne, in an hana ta, an zalunce ta. Amma kada mu yi gaggawar ɗora wa ma'aikacin laifi duka, gama in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba don banza mutanen nan suka tsananta ba. A 1986 majalisar Amurka ta kafa doka musamman saboda auren ƙarya, ta yanka wa mai yin sa ɗauri har na shekara 5, ko tarar da ta kai dala 250,000, ko duka biyu. Ta kuma ce wanda aurensa bai cika shekara 2 ba, iznin zama na wucin gadi za a ba shi tukuna, sai an sake dubawa. Mu ma a nan Kano ba baƙon abu ba ne. Kowa ya ji labarin auren biza, inda mace kan nemi wani a rubuta shi mijinta ko muharraminta don ta sami shiga Makka, da an sauka Jidda kowa ya kama gabansa. A watan Satumba na 2012 hukumomin Saudiyya suka tsare mata alhazai 'yan Nijeriya fiye da 1,000 a kan zancen muharrami, aka komo da da yawa daga cikinsu gida ba su sauke farali ba, har aka naɗa Aminu Waziri Tambuwal, Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, ya shugabanci masu zuwa sasantawa. Jaridu suka ba da labarin waɗansu da mazansu na aure suna tare da su, amma aka ƙi yarda saboda sunayensu na fasfo ba su dace da juna ba. Ai kuwa Bahaushiya ba ta ɗaukar sunan miji, da sunan ubanta a ke kiranta har ta mutu. Saudiyya ta ɗage wannan sharaɗi na muharrami a 2022, amma waɗanda abin ya faɗa wa ba su manta ba.

Sai mu koma ga ainihin tambayar. Mene ne ya ke sa aure ya zama aure? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce sai da waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba, da shaidu biyu adilai, da siga, watau nema da bayarwa. Duk ɗan makarantar da ya karanta Risala ya san wannan. Sai mutum ya ce, to, magana ta ƙare, wanda ya cika waɗannan ya yi aure, babu mai ikon tona zuciyarsa.

Ashe ba ta ƙare ba. Tuna da auren kisan wuta. Mutum ya saki matarsa saki uku cikin fushi, gari ya waye ya yi nadama, shari'a kuwa ta ce ba ta halatta gare shi sai ta auri wani. Sai a nemo wani talaka a asirce, a shirya da shi ya aure ta, ya kwana biyu ya sake ta. A wannan aure akwai waliyyi, akwai sadaki, akwai shaidu, har goro a kan raba. Babu abin da ya ɓace wanda ido ke gani. Duk da haka malaman Malikiyya sun ce in da nufin halatta ta ga na farko ya aura, auren ɓatacce ne, raba shi a ke yi, kuma bai halatta ta ga kowa ba. Me ya rasa? Nufin zama.  Saboda wannan dalili ne kuma aka haramta auren da a ke yanka wa wa'adi. Ke nan tun kafin Bature ya zo da fasfonsa, mu da kanmu mun san ana iya cika ƙa'idodi a fili alhali cikin fanko ne. Abin da ma'aikacin ofishin jakada ya ke nema, shi ne abin da alkalinmu ya ke nema ga mai kisan wuta. Inda suka bambanta, alkali ya san mutanen, ya san al'adarsu, yana iya aikawa a kira mai unguwa. Ma'aikacin kuwa baƙo ne, yana da 'yan mintoci kaɗan, da mudun garinsu ya ke awo.

A nan akwai wani rami da masu mulki suka taɓa faɗawa. Sun ɗauka duk auren da a ke samun amfani a cikinsa na ƙarya ne. Ingila ta daɗe da wata ƙa'ida wadda ta ce sai mai nema ya tabbatar ba shiga ƙasar ce babbar manufar aurensa ba, ko da ma'auratan suna zaune lafiya. Ta raba iyalai masu yawa, musamman mutanen Hindu da Pakistan, kafin a soke ta a 1997. Ina auren da babu amfani cikinsa? Manomi ya ba da 'yarsa ga ɗan maƙwabcinsa don gonakinsu suna iyaka, wani ya auri 'yar malaminsa don neman albarka, bazawara ta yarda da tsoho don ya riƙe mata marayunta. Ba mu taɓa kiran waɗannan ƙarya ba, gama ko mene ne ya kawo su, zama suka zo yi. Hadisin farko na littafin Arba'una ma ya ambaci wanda ya yi hijira saboda matar da zai aura. An rage masa ladan hijira, ba a ce aurensa bai ɗauru ba. Wata babbar kotu ta Amurka ta kai ga irin wannan ra'ayi a 1975, ta ce abin dubawa shi ne ko sun yi nufin kafa gida tare sa'ad da aka ɗaura, ta kuma ce ba za a nemi auren baƙo ya fi na ɗan ƙasa kyau ko daɗewa ba. A ganina wannan hukunci ya yi daidai.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka, kai da ka fita ajin Yaƙi da Jahilci, wanda 'yan'uwa su ke kawo wa takarda ka karanta musu ko ka rubuta. Wata rana za a zo maka a ce, “Malam, ka san auren nan na gaskiya ne, kai ma ka ci goronsa. Turawa ne ba su ganewa sai da takarda. Rubuta mana wasiƙu biyar ka sa musu kwanan watan bara. Ƙirƙiro masa ranar haihuwa. Ka ce a makaranta suka haɗu.” Akwai dillalai a birni waɗanda sana'arsu ke nan. Hujjarsu mai daɗin ji ce: ai ba a cuci kowa ba, gaskiya ce a ka yi wa riga.

Ni ban yarda da wannan hujja ba, ko da ya ke ina jin tausayin masu kawo ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wannan kowa ya sani, kuma a dokar Amurka wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza ana iya rufe masa ƙofa muddin ransa. Amma ko da ba za a kama shi ba, akwai ɓarna. Duk takardar jabu da ta wuce, ita ce ta ke ƙara wa ma'aikacin zargi a kan ta gaskiya da za ta zo gobe. Matan nan na 2012 da aka tsare da mazansu a gefe, bashin waɗansu suka biya. Sa'an nan yarinyar da aka koya wa ta ce a makaranta ta haɗu da mijinta, an koya mata ke nan cewa yadda iyayenta suka aurar da ita abin kunya ne da ba ya faɗuwa gaban baƙo. Wannan hasara ce wadda ba a rubuta ta a fasfo.

Mafi wuya duka shi ne al'amarin mai mata biyu. Ingila ta kafa doka a 1988 wadda ta hana shigo da mata ta biyu in ta farko ta riga ta shiga a matsayin matar aure, Amurka kuwa ba ta san auren mata biyu ba sam. Sai a ba mutum shawara ya rubuta wa uwargida takardar saki ta ƙarya, wai don a nuna a ofis kaɗai. Ya sani fa, malamai sun ce saki na wasa ma saki ne. Yana iya zuwa ya rushe auren shekara 20 da hannunsa don ya tabbatar da na shekara 2. Wanda ya sami kansa a nan, gara ya san ƙasar nan ba ta karɓi irin gidansa ba, ya zaɓa da idonsa buɗe, ko zama can ko riƙon iyalinsa duka. Ba na cewa zaɓin mai sauƙi ne.

Abin da alƙalaminka zai yi wa mutanen garinku na halal yana da yawa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, tare da kafa shaidu. In an umurce mu da rubuta bashin hatsi da kuɗi, ina laifin rubuta aure? Ranar da aka ɗaura, tun ba a naɗe tabarmi ba, ɗauko takarda ka sa kwanan wata na Hijira da na Turawa, da sunan ango da amarya yadda ya ke a katinsu na shaida, da sunan waliyyi da wakili da shaidu, da yawan sadaki, liman ya sa hannu. A kai kotun Shari'a a karɓo takardar shaida. In an yi haihuwa, a rubuta ranar, a yi wa jariri rajista. In miji yana aiko da kuɗin cefane daga can, a adana rasit ɗin a cikin adaka.

Yarinyar kuma, in ranar tafiyarta ta zo, kada a cika mata kai da hadda. A zaunar da ita, uwarta ko gwaggonta ta gaya mata cewa faɗin sunan miji gaban hukuma ba rashin kunya ba ne, larura ce. In an tambaye ta abin da ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba, ta faɗi dalili: a garinmu ba a bikin ranar haihuwa, mace ba ta zuwa wurin ɗaurin aurenta, ɗan'uwana ne, iyayenmu suka haɗa mu, na kuwa yarda. Sa'an nan ta faɗi abin da ta sani wanda 'yar haya ba za ta taɓa sani ba: gonar da ya gada tana ina, wa ke noma masa ita tun da ya tafi, dami nawa na gero aka samu bana, da ciwon ƙafar da ke damun uwarsa in sanyi ya shigo.