ZARE BIYU NA KEKEN ƊINKI

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 9:36-42, Fitowa 35:25-35.

 Hunturu ya matso, Kirsimati kuma yana tafe. Duk wanda ya ratsa unguwa da dare a wannan lokaci zai ji ƙarar keken ɗinki tana fitowa daga cikin gidaje. Mata da yawa a cikinmu suna da keke a ɗaki yanzu. Waɗansu suna ɗinka wa 'ya'yansu kaɗai, waɗansu suna karɓar ɗinkin maƙwabta, waɗansu kuma sun iya surfani, suna yi wa zanen gado da rigar matashi da wuyan riga ado. Bari mu tambayi kanmu, ko Allah yana da magana a kan wannan aiki? I, yana da ita.

Gwaninta daga wurin Allah take

Sa'ad da Musa zai kafa alfarwa ta sujada a jeji, Allah ya kira mutum biyu da sunansu, Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan. Ya cika su da hikima domin aikin hannu iri iri, har da saƙa da yin ado da zare shuɗi, da shunayya, da mulufi a kan lallausan lilin. Mata masu hikima kuma suka kaɗa zare da hannuwansu, suka kawo. Ku lura, Littafi Mai Tsarki ya kira iya kaɗi da iya surfani hikima, ya kuma ce Allah ya sa wa mutanen nan biyu zuciyar koya wa waɗansu. Domin wannan kada wata ta raina kekenta, ta ce ita ba ta da baiwa tun da ba ta iya wa'azi ba. Wadda ta iya yanka yadi daidai da awo, baiwa ce a hannunta, za ta kuwa ba da lissafinta.

Kakanninmu da allura kaɗai suka yi ɗinki. Babbar riga mai aska takwas takan ci watanni a hannun maɗinki, kamar yadda ake yi a birnin Zariya har yau. Keke baƙo ne. A shekara ta 1846 wani mutumin Amurka, Elias Howe, ya sami takardar izini a kan keke mai ɗinki da zare biyu. A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa, wanda sunansa ya cika duniya. Daga baya Butterfly ta ƙasar Sin ta shigo gidajenmu. Yau a manyan garuruwa akwai keken surfani mai aiki da kwamfuta, wanda yakan gama cikin sa'o'i kaɗan abin da hannu zai yi makonni yana yi. Amma dukansu asirinsu ɗaya ne, wato zare biyu.

Zaren sama da zaren ƙasa

Kowace mai keke ta san wannan. Akwai zaren sama, wanda kowa yake gani yana saukowa zuwa idon allura. Akwai kuma zaren ƙasa, wanda yake naɗe a kwarkwaro, a ɓoye ƙarƙashin faranti. Allura ta huda yadi ta sauka, ƙugiya ta kama zaren sama ta zagaya da shi bayan na ƙasa, su ƙulle a tsakiyar yadin. Wannan ƙulli shi ne ɗinki. Idan zaren ƙasa ya ƙare ba ki sani ba, ƙafa tana takawa, keke yana ƙara, allura tana hawa tana sauka, wanda ke tsakar gida ya ce ana aiki. Amma sa'ad da kika ɗaga yadin, sai ya rabu biyu a hannunki, ba abin da ya rage sai huji.

Haka rayuwar mai bi take. Zaren sama shi ne abin da mutane ke gani, zuwa sujada, waƙa, baiko, ankon Zumuntar Mata. Zaren ƙasa shi ne abin da Allah kaɗai yake gani, gaskiyar zuciya, addu'a a ɓoye, tsoron Ubangiji sa'ad da babu kowa a ɗaki. Lokacin da Sama'ila ya je gidan Yesse domin ya shafe sarki, tsayin babban ɗa ya ruɗe shi. Sai Allah ya tuna masa cewa ido na mutum a waje yake tsayawa, nasa kuwa zuciya yake bincikawa (1 Sama'ila 16:7). Gwanar ɗinki ma haka take yi. Idan aka ba ta riga ta duba, juya ta ciki take fara yi, gama can ne zaren da ya yi sako-sako yake cunkushewa. 'Yar'uwa, idan Ubangiji ya juya aikinki ciki, me zai tarar?

Wurare uku da zaren ƙasa yakan tsinke

Na fari, alkawari. Mutane sun daɗe suna yi wa teloli ba'a a kan gobe, har alkawarin tela ya zama abin dariya. Yaya wannan yake faruwa? Mace ta san ba za ta iya gama fiye da riga 10 kafin Kirsimati ba, amma ta karɓi 20, gama tana jin nauyin cewa a'a, ko kuwa tana kwaɗayin kuɗin. Ran 24 ga Disamba yaro ya zo karɓar rigarsa, a ce masa saura maɓalli, alhali ko almakashi bai taɓa yadin ba. Ya koma gida da kuka. Uwarsa kuwa ta san mai ɗinkin, tana jin muryarta cikin waƙa kowace Lahadi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ubangiji Yesu kuma ya umarce mu cikin Matta 5:37 mu tsaya a kan maganarmu, ko ta yarda ce ko ta ƙi. Ki ƙidaya kwanakinki kafin ki karɓi yadi. Ki sami ƙaramin littafi ki rubuta suna, da awo, da rana, da abin da aka biya. Gara ki mayar da mutum da yadinsa yau da ki mayar da shi da ƙarya gobe.

Na biyu, ragowar yadi. Wata ta tara kuɗi wata da watanni, ta aika Kantin Kwari a Kano aka sayo mata turmin atamfa, yadi 6. Ɗinkin ya ci 5. Na wa ne ɗayan? Nata ne. Idan ta bar miki da bakinta, kyauta ce. Idan kin ninke shi ƙarƙashin katifa kin ce duka ya shiga, sunansa sata, ko da yadda aka saba ke nan a garin. Ku tuna da Hananiya da Safiratu. Ba ƙanƙantar abin da suka kawo ta hallaka su ba, ɓoye sashi ne da cewa duka ke nan.

Na uku, rufe aibi da ado. Surfani abu ne mai kyau. A zana fure da alli, a shimfiɗa takarda ko ƙyalle mai tauri a ƙasa domin kada yadi ya tattare, a bi zanen sannu sannu da zare mai launi. Amma akwai mai yin kuskuren yanka, ko ta ƙona wuri da dutsen guga, sa'an nan ta ɗora fure a kai ta yi shiru, har ta ƙara kuɗin ado. Akwai mai sa zare mai zuba, wanda wanki ɗaya zai tona shi. Idan kin ɓata, ki faɗa wa mai kayan, ku shirya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da gwauraye suka nuna wa Bitrus

A Yafa, bakin teku, akwai wata almajira mai suna Tabita, da Helenanci Dokas. Ta yi ciwo ta mutu. Aka aika Lidda a kira Bitrus. Da ya hau bene, gwauraye mata suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Ba a rubuta mana wa'azin Dokas ko ɗaya ba. Ɗinkinta ne ya yi shaida a jikin matalauta. Bitrus ya durƙusa ya yi addu'a, Allah ya tashe ta, mutane da yawa kuma a Yafa suka ba da gaskiya ga Ubangiji.

Gwauraye ba su yi mana nisa ba. A watan Afrilu na 2020 mahara suka faɗa wa ƙauyuka a Dutsin-Ma, da Safana, da Ɗanmusa, suka kashe mutane fiye da 40. Kafin wannan da bayansa ma, iyalai da yawa sun bar gonakinsu sun shigo gari da tufafin jikinsu kaɗai. Sanyin Disamba da Janairu kuwa ba ya tambayar addinin yaro kafin ya shiga ƙirjinsa. Yakubu ya yi mana gargaɗi cewa fatan alheri da baki ba ya ɗumama mai tsiraici (Yakubu 2:15-16).

To, me za mu yi? Ga abin da kowace mai keke za ta iya. Ƙyallayen da masu su suka bar miki da yardarsu, ki yanka su murabba'i, ki harhaɗa, ki sa tsohon zane a baya, ya zama mayafin jariri. Yadi ɗaya ya isa taguwar ƙaramin yaro. Ki ware rana ɗaya a wata ta yin faci kyauta, amma ki tuna da misalin Ubangiji cikin Markus 2:21, ki wanke sabon ƙyalle ya tsuke kafin ki ɗora shi a tsohuwar riga. Matan Zumunta su kawo kekunansu wuri ɗaya wata Asabar, wata ta yanka, wata ta ɗinka, wata ta sa maɓalli. Mafi girma duka, ki ɗauki yarinya marainiya ɗaya ki koya mata har ta iya, kamar yadda Oholiyab ya koyar. Rigar gwauruwa kuma a ɗinka ta da kyau kamar ta matar hakimi, gama Ubangiji ya lasafta tufasar da ƙanƙanin ɗan'uwansa kamar shi aka tufasar (Matta 25:36-40).

Maza kuma kada su ce wannan magana ta mata ce. Telan kasuwa yana ciki. Maigida ma yana ciki, wanda yakan karɓe kuɗin ɗinkin matarsa ya bar ta ba na zare, ba na man keke.

Ya ƙaunatacce, idan ka duba ka ga zaren ƙasa ya ƙare a rayuwarka, kada ka ci gaba da takawa. Mai hankali yakan tsaya, ya buɗe faranti, ya cika kwarkwaro, ya koma inda ɗinki ya tsaya. Ka tsaya ka tuba. Ka mayar da yadin da ba naka ba, ka je ka roƙi gafarar wanda ka yi wa alkawarin ƙarya. Yesu Kristi, wanda sojoji suka jefa ƙuri'a a kan rigarsa marar ɗinki, ya mutu tsirara domin ya rufe kunyarmu da adalcinsa. Ba zai kori mai zuwa wurinsa ba.

Abin addu'a a wannan wata: gwauraye da marayu na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, zaman lafiya a ƙauyukanmu, da dukan masu ɗinki na cikin ekklesiya, domin maganarsu da aikinsu su zama ɗaya. Amin.